Yadda Ake Neman Karatun Bazara a Italiya: Daga Zaɓen Makaranta Har Zuwa Dawowa da Sakamako

Ɗalibai sun yi ta aiko mini da tambaya iri guda: ta yaya mutum zai je Italiya ya yi makonni yana koyon harshen Italiyanci da tarihin zane da gine-gine, kuma jami'arsa ta gida ta lissafa masa karatun? Wasu sun ga tallan a intanet, wasu wani abokinsu ya je ya dawo da hotuna. Ga yadda ake yi, mataki bayan mataki. Bazarar da ake nufi a nan ita ce ta Turai, wato Yuni da Yuli da Agusta, lokacin da mu muke tsakiyar damina. Abin da zan fi nanatawa shi ne jerin matakan, domin yawancin waɗanda suka yi asara ba rashin kuɗi ne ya kayar da su ba, sun biya ne kafin su riƙe takardar da ya kamata a fara riƙewa. Ina magana da "ka", amma 'yan'uwa mata, zancen naku ne ku ma.

1. Fara da sashenka na gida

Kafin ka buɗe shafin kowace makaranta, je wurin shugaban sashenka ko malamin da ke kula da ajinku, ka tambayi abu biyu. Na farko, yaushe hutun ƙarshen zango zai faɗo a bana? Kalandar jami'o'inmu ba kullum take dacewa da ta Turai ba, kuma yajin aiki ɗaya kan iya tura jarrabawa cikin Yuli. Na biyu, idan ka kawo sakamakon kwas daga waje, za a karɓa a madadin wani kwas na nan, ko kuwa ƙarin ilimi ne kawai?

Idan an ce za a karɓa, nemi a rubuta maka a takarda mai hatimin sashe, da sunan kwas ɗin can da wanda zai maye gurbinsa a nan. Za su so ganin manhajar kwas, saboda haka za ka dawo wannan ofis bayan mataki na biyu.

Gargaɗi: alkawarin baki ba ya aiki a nan. Shugaban sashe kan sauya kafin ka dawo, wanda ya gaje shi kuma bai san da zancen ba.

2. Tantance irin shirin da kake so

Kala uku ne, kuma tallansu kan yi kama da juna alhali sun sha bamban.

Akwai jami'o'in gwamnatin Italiya da aka kafa musamman domin baƙi. Fitattun su biyu ne: Università per Stranieri di Perugia da ke garin Perujiya, wadda ta fara darussanta a 1921, da takwararta ta garin Siyena. Darasi da Italiyanci ake yinsa tun ranar farko, ajin kuma cakuɗe yake da mutanen Sin da Jamus da Masar da Barazil, don haka ba wani harshen da ya haɗa ku sai wanda kuka zo koya. Su ne mafi sauƙin kuɗi, kuma kwasa-kwasansu na wata-wata ne. Su ne kuma ke shirya jarrabawar shaidar iya harshe: CELI ta Perujiya, CILS ta Siyena.

Sai makarantun da ke koyarwa da Turancin Ingilishi a kan tsarin Amurka, irin su Jami'ar John Cabot da ke unguwar Trastevere a Roma, da cibiyar Lorenzo de' Medici a Fulorans, da Umbra Institute a Perujiya. A nan ne za ka sami kwas na tarihin zane wanda malami zai tsaya da ku gaban hoton da kansa yana bayani da harshen da kake ji. Tsada gare su ƙwarai. Wasu kuma, kamar reshen Jami'ar New York da ke Villa La Pietra a Fulorans, an tsara su ne da farko domin ɗaliban jami'o'in Amurka, sai ka bincika ko suna karɓar na waje.

Na uku su ne makarantun harshe masu zaman kansu da ke kusan kowane babban gari. Suna da sassauci, kana iya farawa kusan kowace Litinin, amma da yawansu shaidar halarta kawai suke bayarwa, ba maki na jami'a ba.

Ra'ayina: idan harshe ka je nema, ɗauki na farko ba tare da dogon tunani ba. Idan kai ɗalibin zane ne ko tsara gine-gine, kuma makin da za a lissafa maka kake buƙata, na biyu ya fi dacewa in aljihu zai ɗauka.

Duba yadda suke ƙirga maki. A Italiya maki ɗaya, wanda suke kira CFU, daidai yake da aikin awa 25, da na aji da na karatun gida, kuma ya yi daidai da makin ECTS na Turai. Shekarar karatu guda maki 60 ce. Wannan lissafin za ka kai wa sashenka.

Gargaɗi: kwas ɗin da bai faɗi yawan awanninsa a mako ba, ka bar shi. Kwas mai nauyi na harshe yakan kai awa 20 a mako, kuma wannan adadi na cikin abin da jami'in biza ke dubawa don ya bambance ɗalibi da ɗan yawon buɗe ido.

3. Zaɓi gari

Kowa Fulorans yake so, kuma da dalili: gidan zane na Uffizi, mutum-mutumin Dawuda da Michelangelo ya sassaƙa tsakanin 1501 da 1504, ƙubbar babban coci da Brunelleschi ya kammala a 1436, duk a tazarar tafiyar ƙafa. Matsalar ita ce a watan Yuli tsakiyar garin cike yake maƙil da baƙi. Ka buɗe baki da Italiyancinka mai tangal-tangal, mai shago ya mayar maka da Ingilishi don ya sallame ka da wuri. Ɗaki ma tsada. Roma haka take, ga girma, ga zafi. Benis ta fi su duka tsadar kwana.

Perujiya da Siyena ƙananan garuruwa ne a kan tudu, masu tsofaffin ganuwa da lunguna. Mai sayar da burodi zai gane fuskarka cikin mako guda, kuma da Italiyanci zai gaishe ka. Ba a rasa abin kallo ba: a Perujiya akwai Galleria Nazionale dell'Umbria mai ayyukan Perugino, malamin Raffaello, ga garin Assisi kusa. A fadar mulkin Siyena akwai zanen bango na Ambrogio Lorenzetti na shekarun 1338 zuwa 1339 da ke nuna yadda gari ke zama ƙarƙashin mulkin adalci da na zalunci, wanda ɗalibin siyasa ma zai ƙaru da shi. Daga kowanne cikinsu kana iya zuwa Fulorans ka dawo a yini ɗaya.

In ka zaɓi Siyena, ka san da Palio, sukuwar dawaki da ake yi a dandalin Piazza del Campo ranar 2 ga Yuli da 16 ga Agusta. Unguwanni 17 ne a garin, goma ke shiga kowace sukuwa, mahaya ba sirdi, zagaye uku, cikin kamar minti ɗaya da rabi an gama. Wanda ya taso yana kallon hawan salla zai gane zafin kishin unguwa da ke wurin tun kafin a yi masa bayani. Sai dai a waɗannan ranaku ɗaki kan yi wuya. Haka Perujiya take a lokacin bikin kiɗa na Umbria Jazz cikin Yuli.

4. Yi lissafin kuɗi gaba ɗaya

Rubuta kowane abu a layinsa, da Yuro: kuɗin kwas, kuɗin rajista, ɗaki da kuɗin ajiya da mai gida kan riƙe, jirgi, inshora, biza da ladan cibiyar karɓar takardu, abinci, motar gari, tikitin gidajen tarihi, jirgin ƙasa na ƙarshen mako, littattafai. Kwas na wata guda a jami'o'in baƙi ɗaruruwan Yuro ne, shirye-shiryen tsarin Amurka kuwa dubbai. Ga wanda ya tashi daga Afirka ta Yamma, sau da yawa jirgi da ɗaki sun fi kwas ɗin kansa cin kuɗi. Ƙara wani abu a kai saboda canji, don farashin Yuro na ranar da ka yi lissafi ba lallai ya zama na ranar biya ba.

Tambayi makarantar a rubuce abin da kuɗin ya ƙunsa. "Ziyarce-ziyarce" a talla wani lokaci na nufin malami zai raka ku, amma tikitin shiga daga aljihunka.

Game da tallafi: Ma'aikatar Harkokin Wajen Italiya kan ba ɗaliban ƙasashen waje guraben tallafi duk shekara ta shafin Study in Italy, ciki har da na kwas ɗin harshe da al'adu. Sanarwar kan fito ne domin shekarar karatu mai zuwa, kuma ana neman wanda ya riga ya fara harshen, don haka wannan shiri ne na baɗi, ba na bana ba.

Gargaɗi: kada ka biya ta hannun dillali. Biya kai tsaye cikin asusun makarantar da ke kan takardar biyanta, ka ajiye rasit na banki. Kafin nan karanta ƙa'idarsu ta mayar da kuɗi idan aka hana ka biza. Wasu na mayarwa bayan sun cire kuɗin rajista, wasu ba sa mayar da ko sisi.

5. Cike takardar nema

Wannan ba shi da wahala. Fasfo, hoto, shaidar cewa kai ɗalibi ne, wani lokaci da sakamakon zangunan baya da gajeriyar wasiƙar dalili. Shirye-shiryen da ke koyarwa da Ingilishi kan rufe karɓa tun cikin Maris ko Afrilu. Jami'o'in baƙi sun fi jinkirta rufewa, amma kai bizarka ce ke ƙayyade maka lokaci, saboda haka ka gama da wannan mataki kafin ƙarshen Fabrairu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da kake jira shi ne wasiƙar karɓa mai ɗauke da sunanka yadda yake a fasfo, ranar farawa da ta gamawa, yawan awanni a mako, da shaidar an biya. Duba harafi bayan harafi. Muhammad a fasfo, Mohammed a wasiƙa, ya isa ya jawo maka tambayoyi.

6. Biza

Nan ne aikin yake. Italiya na cikin yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake ratsawa da biza ɗaya. Zaman da bai wuce kwana 90 ba yana buƙatar gajeriyar biza, wadda ake kira nau'in C. Wanda ya wuce haka sai doguwar biza ta ƙasa, nau'in D, sannan ka nemi izinin zama, permesso di soggiorno, cikin kwanakin aiki takwas da isarka. Yawancin karatun bazara mako huɗu ne zuwa takwas, don haka ta farkon ce taka.

Ana nema ne a ƙasar da kake zaune. Italiya na da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas, haka kuma a Yamai da Akara da Yawunde. Shiga shafin ofishin da ya shafe ka, ka ga ta inda ake kama layi da jerin takardun da suke so a wannan shekarar. Doka ta yarda ka miƙa tun wata shida kafin tafiya, kuma kada ya gaza kwana 15. Amsa kan fito cikin kwana 15, amma suna da ikon kai ta kwana 45. Abin da ya fi cinye lokaci shi ne samun ranar ganawa, domin daga Afrilu layi kan cika.

Takardun da ba sa sauyawa: fasfo da aka bayar cikin shekara goma da suka wuce, mai shafi biyu aƙalla babu komai a kai, wanda zai ƙara wata uku bayan ranar da za ka bar yankin, wasiƙar karɓa, shaidar masauki na dukkan kwanakin, tikitin zuwa da dawowa da aka kama, inshorar lafiya da ta kai aƙalla Yuro 30,000 kuma take aiki a dukkan ƙasashen Schengen, bayanin asusun banki na watannin baya, naka ko na mai ɗaukar nauyinka tare da wasiƙarsa. Za a ɗauki hoton yatsunka, don haka da kanka za ka je. Kuɗin gajeriyar biza Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, amma dokar bizar Turai ta yafe shi ga ɗaliban da za su je karatu, sai ka tambaya ko ka shiga ciki. Ladan cibiyar karɓar takardu daban ne, shi ba a yafe shi.

Haɗa da wasiƙa daga jami'arka ta gida da ke cewa kai ɗalibinsu ne, a aji kaza, kuma ana sa ran dawowarka zango mai zuwa. Babbar tambayar da ke zuciyar jami'in biza ita ce ko za ka dawo, wannan wasiƙar kuma ita ce amsarka. Ka ga amfanin mataki na farko ke nan.

Gargaɗi: kada a zuba maka maƙudan kuɗi a asusu mako guda kafin ganawa. Sun saba ganin wannan, kuma yana jawo ƙin amincewa. Kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Kada ka bar kowa ya "gyara" maka takarda, domin takardar bogi ɗaya kan bi mutum shekaru a dukkan ƙasashen yankin. Gajeriyar biza kuma ba ta ba ka damar yin aiki, kada ka lissafa da cewa za ka nemi na abinci a can.

7. Kama masauki

Hanya mafi aminci ita ce ta ofishin masauki na makarantar, ko hukumar da suka nuna maka. Zaɓi uku ne: ɗakin ɗalibai, gidan haya da za ka raba da wasu, ko zama da iyalin Italiyawa. Na ƙarshen ya fi koyar da harshe nesa ba kusa ba, don a teburin cin abinci za ka ji Italiyancin da babu shi a littafi. In ka zaɓe shi, faɗa musu tun farko abin da ba ka ci da lokutan ibadarka, ka kuma tambaya ko akwai kare a gidan.

Tambayi ko akwai fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. Tsofaffin gidaje da yawa ba su da ita, kuma ɗakin saman bene a Fulorans cikin Yuli kan ba ɗan Sakkwato ma mamaki. Idan za ka sa hannu a yarjejeniyar haya za a nemi codice fiscale, lambar haraji ce da ake bayarwa kyauta a ofishin Agenzia delle Entrate.

Gargaɗi: ɗaki mai kyau a tsakiyar gari da rabin farashi, mai gidan kuma "yana ƙasar waje" yana son ka tura kuɗi ya aiko da makulli, damfara ce.

8. Abin da za ka yi kafin tashi

Fara harshen tun a gida, ko da minti ashirin ne a rana. Matakan ƙwarewa shida ne, daga A1 zuwa C2, kuma za a gwada ka kafin a sa ka a aji. Wanda ya iso da gaisuwa da ƙirga da 'yan aikatau ba zai ɓata makonsa na farko a kan haruffa ba. Bahaushe na da sa'a biyu a nan: wasulan Italiyanci biyar ne a rubuce, ana kuma karanta kalma kusan yadda aka rubuta ta, sannan suna ninka baƙi kamar yadda muke bambanta "baba" da "babba". Mutanen Nijar masu Faransanci za su ga nahawun kamar ɗan'uwan wanda suka sani.

Koyi sunayen garuruwa yadda masu su ke faɗa, don su za ka gani a allon tasha: Fulorans Firenze ce, Benis Venezia, Milan Milano.

A jaka: takalmi mai daɗin tafiya a kan dutse, gorar ruwa, magungunanka da takardar likita, kwafin dukkan takardun biza a jakar hannu saboda jami'in filin jirgi na iya neman su. Masu tashi daga Najeriya da Gana su sayi adafta, don soket ɗin can na ƙafa zagayayyu ne.

9. Makon farko

Idan jirginka ya sauka kai tsaye a Italiya daga wajen yankin Schengen, kamar ta Istambul ko Adis Ababa ko Doha, rajistar da aka yi maka a bakin iyaka ta wadatar. Idan kuwa ta Faris ko Farankfot ka shigo, dole ka sanar da zuwanka a hedikwatar 'yan sanda, Questura, cikin kwana takwas. Sunan takardar dichiarazione di presenza. Mai sauka a otal, otal ɗin ke yi masa. Ofishin ɗalibai na makarantarka ya san hanya.

Sayi layin waya da fasfonka, akwai TIM da Vodafone da WindTre da Iliad. Lambar gaggawa 112 ce. Tikitin bas ana samunsa a shagunan taba masu alamar babban harafin T.

Gargaɗi: tikitin takarda na bas ko na ƙaramin jirgin ƙasa sai an buga masa hatimi a 'yar na'urar da ke cikin bas ko bakin dandamali. Wanda bai buga ba tamkar bai saya ba ne, tara ce nan take, kuma "ni baƙo ne" ba ta ceto. Idan ka ga kalmar sciopero a allo, yajin aiki ne, sake tsara tafiyarka.

10. Gidajen tarihi da coci-coci

Gani ya kori ji, amma a Italiya ganin ma sai an kama layi tun da wuri. Uffizi da Accademia, gidan zanen Fulorans da mutum-mutumin Dawuda yake ciki, a rufe suke ranar Litinin. Gidajen tarihi na Vatikan, inda rufin ɗakin ibada na Sistina yake wanda Michelangelo ya zana daga 1508 zuwa 1512, a rufe suke ranar Lahadi ban da ta ƙarshen wata. Galleria Borghese a Roma sai da ajiyar wuri, awa biyu ake ba kowane rukuni. Zanen jibin ƙarshe, wato cin abincin ƙarshe na Yesu da almajiransa, na Leonardo da Vinci a Milan minti 15 kacal ake bari a tsaya gabansa, tikitinsa kuma kan ƙare makonni kafin ranar. Gidajen tarihi na gwamnati kyauta ne a Lahadin farko ta kowane wata, sai dai cunkoso. Rangwamen Yuro 2 na 'yan shekara 18 zuwa 25 na 'yan Tarayyar Turai ne, kada ka sa shi a lissafinka.

Daga Fulorans zuwa Roma kamar awa ɗaya da rabi ne a jirgin ƙasa mai gudu na Frecciarossa ko Italo, kuma tikitin da aka saya da wuri ya fi araha sosai. Ranar 15 ga Agusta hutun Ferragosto ne, shaguna da ofisoshi da yawa kan rufe a makon.

Abu biyu da ya kamata ka sani tun kana gida. Yawancin zanen da za a koya maka na addinin Kirista ne, cikin coci yake, kuma ana shiga da kafaɗa da gwiwa a rufe. Sannan gumaka da hotuna na tsiraici suna ko'ina, har a dandalin gari. Wanda wannan zai dame shi ya duba manhaja da kyau, ya karkata ga kwas na gine-gine ko harshe ko tarihin birane. Ɗalibin da ke son ganin inda fasahar Musulmi ta haɗu da ta Turai ya nufi Palermo a tsibirin Sisili, ya ɗaga kai ya kalli rufin Cappella Palatina.

Shawarata: ɗaki uku ka tsaya ka kalla da littafin rubutu a hannu ya fi ɗaki arba'in da ka ratsa da waya a sama.

11. Abinci da ibada

Haddace waɗannan kalmomi, duk alade ne: maiale, prosciutto, pancetta, guanciale, salame, salsiccia, mortadella, lardo. Mai ɓuya ita ce strutto, kitsen alade da ake sawa a wasu burodi da kayan gashi. Taliyar carbonara da amatriciana da alade ake yin su, risotto kuma sau da yawa ana zuba masa giya wajen dahuwa. Ka ce "senza maiale, senza vino", wato ba alade ba giya. Kifi da taliyar tumatir da fiza margherita ba su da matsala, mahautan halal kuma galibi suna kusa da tashar jirgin ƙasa. Dafa abincinka shi ne babban tsimi. A gidan abinci za ka ga coperto a rasit, kuɗin zama ne, ba cuta ba ce. Kofi a tsaye gaban kanta ya fi na zaune araha.

Babban Masallacin Roma, wanda aka buɗe a 1995, yana arewacin birnin. A sauran garuruwa yawanci ɗakunan salla ne cikin unguwa, tambayi mahaucin halal zai nuna maka. Yini na da tsawo a Yuni da Yuli, asuba da wuri, isha can cikin dare, sai ka daidaita barcinka da ajin safe. In darasi ya ci karo da Juma'a, yi wa malami magana a makon farko, kada ka bari sai an rubuta maka fashi.

12. Jarrabawa da sakamako

Halarta na da nauyi: makarantu da yawa ba sa ba da shaida ga wanda fashinsa ya wuce ƙa'ida, saboda haka yawon ƙarshen mako kada ya ci Litinin. Jami'o'in Italiya kan ba da maki bisa 30, ana cin jarrabawa daga 18, mafi girma shi ne 30 e lode, wato 30 da yabo. Jarrabawar baki ta zama ruwan dare, malami na tambaya kana amsawa fuska da fuska. CELI da CILS suna da ranakunsu na musamman da kuɗinsu daban, ba sa zuwa tare da kwas, sai ka duba ko akwai zama a lokacin da kake can.

Kafin ka bar gari, je ofishin rajista ka karɓi takardar sakamako mai hatimi, da manhajar kowane kwas, da bayanin ma'aunin makinsu da Ingilishi ko Faransanci. In sun ce aikowa za su yi, ba su adireshin ofishin jami'arka daidai, ka karɓi sunan sashen da za ka tuntuɓa. Cikin Agusta ofisoshi kan yi shiru, wanda ya tafi bai karɓa ba zai iya jira har Satumba.

Gargaɗi: duba ranar ƙarewar biza da adadin kwanakin da aka rubuta a kanta, abu biyu ne daban, kuma wanda ya fara cika shi ke aiki. Fita kafin ya cika. Da ka iso gida, kai takardar sakamakon sashenka tare da waccan wasiƙa mai hatimi ta mataki na farko, ka ajiye kwafin kowacce kafin ka miƙa.